Na je Cornwall neman launin teku

Shekara 26 na yi ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a Jos, kuma babu shekarar da ban sa yara su zana teku ba. Sai in tsaya gaban allo in ja layi a tsakiya, in ce musu daga nan zuwa sama sararin samaniya ne, daga nan zuwa ƙasa ruwa, ku shafa shuɗi, ku bar fari-fari inda raƙuman ruwa suke. Su yi, in duba, in ba su maki. Daga ni har su babu wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku. Ruwan da muka sani shi ne na kududdufan kuza na Rayfield da Bukuru, waɗanda iyayenmu suka yi ta gargaɗin kada mu kusance su saboda zurfi.

Bayan na yi ritaya ne na ci karo da wani bidiyo a YouTube da ya hana ni barci. Wani Bature ne a kan dutse a gefen teku, ya shimfiɗa yadi mai kauri a ƙasa, girmansa ya fi tabarma biyu, ya danne kusurwoyin da duwatsu don kada iska ta ɗauke. Ba ya zaune kan kujera, ba ya riƙe da siririn buroshi irin wanda na saba. Zagaye yadin yake yi, yana zuba fenti, yana yarfa shi, yana gogewa da hannu, ya ɗaga kai ya dubi ruwa, ya sake sunkuyawa. Da farko na ɗauka ɓarna yake yi. Da aka ɗaga yadin aka jingine, sai ga teku yana motsi a jikinsa. Sunan mutumin Kurt Jackson.

'Yata ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Da Allah ya nufa na kai musu ziyara a watan Oktoba, ta ɗauki hutun kwana huɗu ta ce, "Baba, ina kake so in kai ka? Akwai fadar sarki, akwai manyan gidajen tarihi." Na ce St Just nake so, garin mai zanen nan a yankin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila. Ta duba waya ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Baba, ai wannan ƙarshen ƙasar ne." Na ce can ɗin nake nufi.

Daga tashar Paddington a Landan zuwa Penzance awa biyar ce da wani abu a jirgin ƙasa. Yawancin hanyar gonaki ne da tumaki, ban riƙe komai ba. Amma bayan an wuce Exeter, wajen wani gari Dawlish, layin dogo ya bi ta jikin ruwa sosai, har kana ganin ɗigon gishiri a gilashin taga. A wannan wurin ne guguwa ta cinye ƙasan layin a watan Fabrairun 2014, ƙarafan suka rage a rataye. Nan na fara ganin teku kusa da kusa. Na manna goshi a taga ina neman shuɗin da na koyar, ban same shi ba. Kusa da gaɓa ruwan ja-ja ne saboda jar ƙasar wurin, can gaba ya koma kamar ruwan toka, can nesa kuma wani siririn layi mai ƙyalli kamar an goge azurfa. Mamana ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Bayan Plymouth muka haye gadar ƙarfe ta kogin Tamar, wadda injiniya Brunel ya gina aka buɗe a 1859, muka shiga Cornwall. A Penzance layin dogo ya ƙare.

Washegari da safe, kafin motar St Just, mun leƙa Penlee House, wani ƙaramin gidan zane a cikin lambu. A nan ake ajiye ayyukan masu zanen Newlyn, ƙauyen masunta da ke maƙwabtaka da Penzance. Walter Langley ya sauka a ƙauyen a 1882, Stanhope Forbes ya biyo baya a 1884, wasu suka yi ta zuwa. Abin da ya bambanta su a zamaninsu shi ne fita waje su yi aiki a cikin iska da yayyafi. Sai dai su mutane suka fi zanawa: mata a bakin tashar jiragen ruwa suna jiran labarin mazajensu, tsofaffi suna ɗinkin koma. Teku a wurinsu yana baya ne, shi ne mai bayarwa kuma mai ƙwacewa. Har yanzu haka yake a wannan gaɓa. A ranar 19 ga Disamban 1981 jirgin ceto na Penlee ya fita cikin guguwa don taimakon wani jirgin kaya, mutum 8 na cikinsa duka 'yan sa-kai, babu wanda ya dawo, haka ma mutum 8 da suka je ceto.

St Just bai fi mil bakwai ko takwas daga Penzance ba. Gari ne na dutse, gidajensa toka-toka a jere, an gina su ne don masu haƙar ma'adinai. Ba shi da kwalliyar garuruwan 'yan yawon buɗe ido, kuma na ji daɗin haka. Gidan zanen da Jackson da matarsa Caroline suka buɗe, Jackson Foundation, yana wani ɗan titi kusa da tsakiyar gari, a cikin wani tsohon ginin masana'anta mai faɗi da aka gyara. Ba mu biya ko kwabo ba muka shiga.

Kafin in zo na karanta tarihinsa har na kusa haddacewa. An haife shi a 1961 a Blandford, cikin yankin Dorset, iyayensa duka masu zane ne. Amma da ya tafi jami'ar Oxford ilimin dabbobi ya karanta, a kwalejin St Peter's, ko da yake zane ne ya cinye mafi yawan lokacinsa a can. A 1984 shi da matarsa suka koma Cornwall, kuma shekaru da dama ke nan suna zaune a gefen St Just. Tun 1999 yake zuwa bikin kiɗa na Glastonbury a matsayin mai zanen bikin, ana sayar da ayyukan don taimakon ƙungiyoyin agaji da na kare muhalli. Ya taɓa bin jirgin ruwan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace mai suna Esperanza yana zane a ciki. Duk wannan na sani a takarda. Abin da takarda ba ta gaya mini ba shi ne yadda zanen yake idan mutum ya tsaya gabansa.

Akwai wani babba a bangon ƙarshe, faɗinsa ya fi tsawon mutum. Daga bakin ƙofa rana ce ta faɗo kan ruwa, hasken ya yi yawa har sai da na ƙanƙance ido. Na matsa taku biyar, ruwan ya fara rarrabuwa. Da na zo daf da shi babu teku ko kaɗan, sai ɗigo-ɗigon farin fenti dubbai, wasu manya kamar ƙwayar gero, wasu kamar ƙura, an yarfa su a kan wani launi mai duhu wanda shi ma an shafa shi hawa-hawa. A wani gefe an karce fentin har yadin ya bayyana. A wani gefen fentin ya yi kauri ya bushe da tudu. Na ga yashi a ciki, na ga ɗan guntun ciyawa da iska ta kawo ya maƙale aka bar shi. Na ja da baya, tekun ya dawo. Sau shida ko bakwai na yi wannan kai da komo, har Mamana ta samu benci ta zauna.

Na tsaya ina warware aikin kamar yadda tela ke juya riga ya duba ɗinkin ciki. A fahimtata, yakan fara da fenti mai ruwa-ruwa ya bar shi ya kwarara, shi ya sa ake shimfiɗa yadin a ƙasa, domin da a tsaye yake da duk ya zube wuri guda. Wannan ne ke ba da zurfi. Daga nan sai masu kauri, da buroshi babba ko da hannu. Farin da ake yarfawa shi ne na ƙarshe, kuma a nan ƙwarewar take, don hasken rana a kan ruwa ba ya bazuwa daidai wa daida. Yana taruwa a wata hanya da ta miƙe daga inda rana take zuwa idon mai kallo, ya yi yawa a tsakiya, ya ragu a gefe, ɗigon ya ƙanƙance yayin da ya yi nisa. Wanda bai zauna ya kalli wannan sau ɗari ba, in ya yarfa fenti, bango kawai zai ɓata. Ba ya tsayawa kan kayan aiki iri ɗaya, yana haɗa fentin mai da na ruwa da tawada da fensir, duk wanda zai ba shi abin da yake nema.

Sai rubutun. A ƙasan zane da yawa, wani lokaci ma a tsakiyar sararin sama, akwai 'yan kalmomi da hannunsa, ba a gyara su ba. Mamana ta riƙa karanta mini waɗanda idona bai iya kamawa ba. Ba wani dogon zance ba ne. Daga ina iska ke busowa, ruwa na cika ne ko yana janyewa, wane tsuntsu ne ya yi kuka, me ya ji a hancinsa. A nan na gane inda karatun dabbobi ya shiga aikinsa. Masu binciken halittu haka suke cika ɗan littafinsu a daji: wuri, lokaci, yanayi, abin da aka gani, da sunansa na ainihi. Shi ba ya cewa ya ga tsuntsu, sai ya faɗi wane tsuntsu. Kuma ba "teku" yake zanawa ba irin wanda na sa yara su zana, wanda babu shi a ko'ina a duniya. Wani lungu guda yake zanawa, a wata rana guda, da wata iska guda.

Ba duka ne suka kwanta mini ba. Akwai ƙananan da na ga kamar hannu ne ya riga ido, ya maimaita abin da ya saba. Mutumin yana da yawan aiki ƙwarai, kuma mai yawan aiki ba ya rasa irin wannan. Waɗanda kuma yake liƙa tarkacen roba da ya tsinto a gaɓa, da farko na ji sun ɓata mini kallo. Sai da na sauka bakin ruwa na tona yashi da yatsa na ga ƙananan ƙwayoyin roba a ciki sannan na sassauta, don idan robar tana wurin, wanda ya cire ta daga zanensa ya rage gaskiya.

Daga gari zuwa Cape Cornwall tafiyar kusan mil ɗaya da rabi ce a ƙasa, gangare. Wani ƙahon ƙasa ne da ya kutsa cikin tekun Atlantika, da dogon bututun hayaƙin tsohuwar mahaƙa a ƙololuwarsa, wanda aka bari don masu jiragen ruwa su riƙa gane wurin. Kamfanin Heinz ne ya sayi wurin a 1987 ya miƙa wa National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi. A gefen kudu akwai ɗan lungun masunta, Priest's Cove, da 'yan bukkokin dutse da ƙananan jirage da aka janyo kan tudu. Gaba da shi, cikin ruwa, tagwayen duwatsun Brisons. Can kudu ana hango hasumiyar fitilar Longships a gaban ƙahon ƙasar Land's End. Jackson ya zana wannan lungu ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma da na zauna na ga dalili.

Na zo da ɗan akwatin fentin ruwa da takarda mai kauri. Na samu wani dutse na zauna, na ɗora takardar a gwiwa. Iska ta fizge ta. Mamana ta bi ta kamo, muka danne da duwatsu biyu a ƙasa, na durƙusa a kanta yadda na ga mutumin ya yi. Na haɗa launin da nake gani a gindin Brisons, wani kore mai duhu kamar ganyen kuka da aka jiƙa. Kafin in kai buroshi kan takarda girgije ya rufe rana, wurin ya koma launin darma. Na sake haɗawa. Rana ta leƙo, sai ga wani tsanwa mai haske a inda ruwan ba shi da zurfi, yashi na nunowa daga ƙasa. Inda ruwa ya daki dutse ya koma, kumfar ba fara ba ce sosai, tana da ɗan rawaya-rawaya kamar nonon da ya kwana. Shuɗi ya zo, amma sau ɗaya, can nesa, na 'yan mintoci, kuma irin na baban rini ne da aka tsoma sau da yawa har ya kusa baƙi.

Awa biyu na yi a durƙushe. Yatsuna sun sandare, fentin ya ƙi bushewa saboda damshi, yayyafi ya sauka ya huhhuda abin da na shafa. Na so in rufe takardar da riga, sai na tuna yashin da ciyawar da na gani a bango, na bar ta. Wasu manyan fararen tsuntsaye masu baƙin bakin fiffike suna ta faɗowa cikin ruwa daga sama kamar an harba mashi. A kan dutsen bayanmu wasu tsuntsaye biyu irin hankaka, baƙaƙe wuluk, da jan baki da jan ƙafa, suna tonon ƙasa. Wannan tsuntsu yana jikin tambarin Cornwall. Ya ɓace daga yankin shekaru da dama, sai a 2001 ya dawo da kansa. Mamana ta ce, "Baba, la'asar ta yi, kuma leɓenka ya canja launi." Muka yi alwala da ruwan gora, muka fake a bayan wata katanga muka yi salla, ƙarar ruwa na shiga tsakanin kabbara da kabbara.

A ranar na yi tunanin yaran nan, ɗaruruwa. Ba rashin kai su teku ne ya dame ni ba, wannan ba ya cikin ikona. Abin da ya dame ni shi ne na koya musu su zana abin da aka gaya musu. Duwatsun Shere suna tsaye a gabashin gari kullum, suna canja launi daga safe zuwa yamma, daga damina zuwa hunturu, ban taɓa fitar da aji ɗaya mu zauna mu kalle su ba.

Kwana na uku muka bi hanyar ƙafa ta gefen teku zuwa Botallack. A nan akwai gine-ginen injuna biyu da aka kafa a jikin dutse, ƙasa sosai, inda feshin ruwa ke kai musu. Ramukan wannan gaɓa ba a ƙarƙashin tudu suka tsaya ba, sun bi jijiyar kuza da jan ƙarfe har ƙarƙashin teku. An ce idan guguwa ta tashi, masu haƙa suna jin duwatsu na mirginawa a saman kansu. Gaba kaɗan mahaƙar Levant take, inda a ranar 20 ga Oktoban 1919 injin da ke hawa da sauka da ma'aikata ya karye, mutum 31 suka mutu. Geevor da ke kusa ta rufe a 1990, South Crofty kuma a 1998. Jackson bai tsaya a bakin ruwa kawai ba, ya shiga ramukan haƙa da wuraren fasa dutse na Cornwall ya zana mutane a bakin aikinsu.

Kakana ya yi ɗiban kuza a Barikin Ladi, da kwano a ka, ana biyansu a ƙarshen mako. Wasu daga cikin Turawan da suka yi aikin kuza a Filato daga wannan yanki suka fito. Na tsaya ina kallon jar ƙasar da aka zubar shekara ɗari da suka wuce, har yau ciyawa ba ta rufe ta ba, na ji kamar ina bayan gidanmu. Na gaya wa Mamana labarin kakan nata, wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yi shiru, daga baya ta tsinci wani ɗan jan dutse ta sa a aljihu.

Da yamma motar haya ta bi da mu ta gaɓar arewa zuwa St Ives. Gidan zane na Tate yana can tun 1993, mun shiga, amma abin da ya kai ni yana maƙabartar da ke gefensa, a kan tudun da ke kallon ruwa. Kabarin Alfred Wallis ne, an lulluɓe shi da tayil ɗin da maginin tukwane Bernard Leach ya gasa, da hoton wani ɗan tsoho yana shiga hasumiyar fitila. Wallis ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi sayar da tsofaffin kayan jirage. Matarsa ta rasu a 1922, kaɗaici ya ishe shi, ya fara zane yana wajen shekara 70. A kan yagaggen kwali yake yi, da ragowar fentin jirgi, launi uku ko huɗu. A 1928 wasu masu zane biyu, Ben Nicholson da Christopher Wood, suka hango aikinsa ta ƙofar ɗakinsa a buɗe. Ya mutu a 1942 a gidan gajiyayyu na Madron. Tekunsa ma ba shuɗi ba ne, toka-toka ne da fari da ƙasa-ƙasa, domin ya kwana a kansa. Shekara nawa na yi ina kukan rashin kayan aiki a makaranta, alhali kwali bai taɓa yanke mana ba.

Ban haɗu da Kurt Jackson ba, ban kuma nema ba. Mun ci kifi da soyayyen dankali a bakin tashar jirage, muka kama motar ƙarshe zuwa Penzance.

Na dawo Jos a farkon Nuwamba. A watan Janairu, hunturu ya kankama, na tara yara biyar na unguwarmu da izinin iyayensu, muka yanka kwalayen taliya, muka tafi wani kududdufin kuza a Rayfield, muka zauna nesa da baki. Na ce kada kowa ya taɓa fenti sai na ba da izini. Mun yi rabin awa muna kallo. Sannan na tambaye su launin ruwan. Ɗaya ya ce kore. Wata ta ce a'a, Malam, wancan gefen ja ne, inda ƙasa ta zube. Ƙaraminsu ya ce tsakiyar ba ta da launi, hazo ne kawai a kwance. Suka fara musu, kowa na nuni da yatsa. Na bar su suka yi, ni ma na durƙusa kan nawa kwalin, na danne shi da duwatsu biyu. Da na gama na ɗauki fensir na rubuta a ƙasa: Asabar, hantsi, iska daga arewa maso gabas, hazo ya rufe duwatsu, balbela uku a gefen yamma.